Kyamara zan saya, ko akwai wata hanya?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Zariya, da teloli biyar. Kullum muna saɓa wa masu kaya alkawari, saboda ban san awa nawa kaftani ɗaya ke ci ba. An ba ni shawarar in sayi kyamarar tsaro in riƙa duba aikinsu. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kyamara za ta tara maka hoton yini guda, wa zai zauna ya kalla? Yaran kuma za su ga kamar ɓarayi ka ɗauke su. Littafi da biro sun ishe ka.

Akwai dabarar da wani masanin ƙididdiga, L.H.C. Tippett, ya fito da ita a masaƙun auduga na Ingila a shekarun 1930. Ba a tsayawa kan ma'aikaci da agogo. Leƙawa ake yi a lokacin da ba wanda ya zata, a rubuta abin da aka tarar.

Rubuta lokuta daban-daban a 'yan takardu, ka zuba cikin hula, kowace safiya ka zaro goma. Da lokaci ya yi sai ka shiga, ka sa alama gaban sunan kowa: yana kan keke, yanka, guga, jiran wuta, ko ya fita. Abin da idonka ya gani nan take za ka rubuta. Cikin kwana shida ka samu alama 300.

A ce awa takwas suke yi kullum, jimilla awa 240. Idan alama 225 ta same su suna aiki, kashi 75 cikin ɗari ke nan, wato awa 180. In kaftani 60 suka gama, kowanne ya ci awa uku. Ƙara kamar kashi 15 saboda salla, cin abinci da gajiya, ya koma kusan uku da rabi. Da wannan za ka riƙa yin alkawari. Kaftani mai aiki a wuya lissafinsa daban, kada ka haɗa shi da wanda ba aiki.

Don Allah ka sanar da su tun farko, kuma kada ka gwada ana gab da Sallah, lokacin da ake kwana a shago.

Ka lura sosai da alamomin jiran wuta. In sun yi yawa, janareta ko sola ya kamata kuɗin kyamarar nan ya saya.