Na'ura mai batir ko farantin gwajin hantsa?

Tambaya: Ina da shanun tatsa 14. Sau biyu a watan nan cibiyar da nake kai wa madara ta dawo mini da ita, wai ta tsinke a gwaji, alhali babu saniyar da hantsarta ta kumbura. An tallata mini na'ura mai batir da ke gano ciwon hantsa. In saya? Makiyayi, Zariya.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Na'urar nan, gishirin da ke cikin madara take aunawa, domin yana ƙaruwa idan hantsa ta kamu. Amma ko lafiyayyun shanu gishirinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa takan ruɗa mutum.

Ni dai faranti zan ce ka saya, wanda likitocin dabbobi ke kira CMT, wato gwajin ciwon hantsa na Kalifoniya. Tun 1957 aka fito da shi a Kalifoniya. Gurbi huɗu gare shi, kowane kan nono da nasa. Ka zubar da tatsar farko, ka tatsa kaɗan a kowane gurbi, ka ƙara ruwan gwajin daidai yawan madarar, ka juya a hankali. Mai lafiya za ta zauna ruwa-ruwa. Wadda ta kamu kuwa sai ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, saboda fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa a ciki. Idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya, ana ɗaukar saniya ta kamu, ko da ido bai ga komai ba.

Haɗa da littafin rubutu. Duk wata ka gwada kowace saniya, ka rubuta sunanta da nonon da ya yi yauƙi. Wadda ta maimaita sau biyu a jere, ita ce za ta ɓata maka bokiti nan gaba: a tatse ta ƙarshe, a ware madararta, a kira likita. Kar ka gwada mai sabuwar haihuwa a kwanakin farko, dakashi na yaudara.

Ka kuma duba jarkokinka. Madarar da ta sha rana a hanya tana tsinkewa ko shanun ƙalau suke.

Tambaya: Tun da aka yi wa saniyarmu allura kindirmona ya daina kamawa. Uwargida, Gusau.

Amsa: Hajiya, in maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ragowarsa a madarar ce ke kashe abin da ke sa nono ya yi tsami. Kwanakin jira na nan rubuce a jikin kwalbar. Kafin su cika, kar a sha, kar a sayar.