Igiyar ruwan da ke tafiya ita kaɗai

Tambaya: Malam, ni ɗalibin lissafi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Na ji an ce akwai igiyar ruwa mai tafiyar ɗaruruwan kilomita a teku ba ta watse ba, har ana lissafa ta. Amma in na jefa dutse a tafkin Madarunfa, kafin in ƙirga ashirin ruwan ya kwanta. Yaya abin yake?

Amsa: Maganar gaskiya ce, ɗana. Abubuwa biyu ke ja-in-ja a cikin igiya. Tozonta ya fi gindinta gudu, sai ta riƙa sunkuyawa gaba tana neman karyewa. Sannan dogayen igiyoyin da ke cikinta sun fi gajeru sauri, sai su tsere musu, ta bazu. Bazuwar nan na cikin abin da ke cinye taka ta Madarunfa. In biyun suka yi kunnen doki, igiyar ba ta karyewa, ba ta bazuwa, sai tafiya.

A 1834 wani injiniya ɗan Sikotilan, John Scott Russell, ya ga jirgin ruwa ya tsaya cak a wata mashigar ruwa kusa da Edinbura, tozon ruwa guda ya balle gaba. Ya bi shi a kan doki fiye da mil ɗaya. Daga baya ya gano cewa wadda ta fi tudu ita ta fi gudu. Manyan masana na lokacin sun yi masa gardama, har sai da wasu masana lissafi biyu, Korteweg da de Vries, suka fitar da lissafinsu a 1895, wanda ake kira KdV daga haruffan farko na sunayensu. A 1965 wasu masana biyu, Zabusky da Kruskal, suka sa shi a kwamfuta, suka ga igiyoyi biyu sun yi karo, kowace ta fito da siffarta. Su suka raɗa musu suna soliton.

Manyan na teku kuwa a ƙarƙashi suke. Zuba man gyaɗa a kan ruwa cikin kwalba ka karkata ta a hankali, za ka ga iyakarsu tana kaɗawa. Haka ruwan sama mai ɗumi yake zaune kan mai sanyi da nauyi. A mashigin Luzon, tsakanin Taiwan da Filifin, cikowa da janyewar teku kan tura ruwa bisa duwatsun ƙarƙashi, sai igiyoyi su tashi su nufi yamma, wasu zurfinsu ya haura mita 100. A sama ɗan zane kawai tauraron ɗan'adam ke ɗauka.

Nan ne nake jan kunnen ɗalibai. KdV ya ɗauka igiyar ƙarama ce in an gwada da zurfin ruwa, kuma bai san duniya na juyawa ba. Wani masani, Ostrovsky, ya ƙara masa juyawar a 1978, kuma da ita igiyar kan riƙa zubar da ƙarfinta a hanya. Masu mita 100 ɗin nan sai an koma ga cikakken lissafin motsin ruwa a kwamfuta. Kai dai fara da KdV, domin lissafinsa na igiya guda kana iya warware shi da biro da takarda.