Mu Hausawan zangon Kumasi ba mu da ƙauyen komawa

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka dunƙule mini wuri guda: wai mu da ke zaune a birnin Kumasi na ƙasar Gana ai mun yi sallama da talauci, sannan bayan auratayya da Asante da Dagwamba, anya da sauran Hausanci a jikinmu?

Kai idan Kano ta yi maka zafi kana da gonar gado, kaka ta yi a aiko maka da buhun gero. Mu ba mu da wannan. Kakanninmu fataken goro ne masu bin hanyar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar goron Salaga ta ƙasar Gwanja a 1892, suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Akara, daga baya wasu suka gangaro Kumasi. Ba noma ya kawo su ba, ƙasar kuma a hannun sarakunan Asante take. Shi ya sa zango, wato unguwar baƙi, shi ne garinmu, a nan komai sai an saya. A gidanmu na unguwar Aboabo, magidanci da matarsa da 'ya'yansa ɗaki ɗaya suke kwana, da asuba a bi layin bandakin unguwa da kuɗi a hannu. Wannan ne birnin da kake hange.

Duk da haka ban musa maka ba, birni ya fi ƙauye samu, kuma a ƙofar gidanmu muke ganin tazarar. Arewacin Gana damina ɗaya gare shi, kudu tana da biyu, ga koko ga zinariya. Tun zamanin Turawa arewa lebura take turowa gonakin koko da ma'adinan Obuasi. Ƙidayar 2010 ta nuna mazauna birane sun haura rabin mutanen ƙasar. Je ka kasuwar Kejetia ka ga 'yan mata daga ƙasar Dagwamba da Mamprusi, kwano a ka, goyo a baya, suna dako daga safe har magariba don su tara na kayan ɗaki. In sun sauko daga mota zango suke nufa, saboda sun san akwai masallaci, kuma ba a korar baƙo. Kakata ba ta taɓa juye tuwo ba ta ware malmala biyu ta baƙi ba. Har ta rasu zauren gidanmu bai rabu da tabarmar wani ɗan ƙauye ba.

Abin da ke mana ciwo, duk wanda ya kwana a zango, Mosi ne ko Bazabarme ko Kotokoli, Bahaushe ake ce masa, laifin kowa a kanmu yake sauka. A 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, aka kwashe har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Ƙanen kakana ya tafi a lokacin, bai dawo ba. Har yau in ka je neman takarda sai a ce, "Ina ne ainihin garinku?" Ka ce Kumasi, a ƙara tambaya. An kafa asusun raya zanguna a 2017, mun gode, amma kwatocin unguwarmu na nan yadda suke.

Batun aure kuwa, e, muna yi. Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce, ta musulunta, ta yi azumi har tsufa ya hana ta. Su Asante ta ɗakin uwa suke bin dangi, mu ta uba, sai yaro ya tashi da gida biyu kowanne na cewa nasa ne. Ban ga asarar da aka yi ba.

Na sani in muka ce wa mace "ya zo" kuna dariya, kuma bakinmu ya sha Twi, yaren Asante. Amma da wannan Hausar ake tafsiri a masallatanmu, da ita ake raɗa suna, da ita Bamoshe da Badagwambe ke ciniki. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete Krachi ya koyar har ya rasu a 1934, almajiransa suka cika ƙasar nan. Babban limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, jininmu ne.

Da na raka mahaifina Kano neman dangin kakansa, an karɓe mu hannu bibbiyu, an yanka mana kaza. Sai dai har muka taho ba wanda ya kira shi da sunansa, "Baba na Gana" ake ce masa, kuma ya ji abin a ransa ƙwarai.