Littafin Ya Burge Ni, Amma Ƙarshensa Ya Tsaya Mini A Rai

Tambaya: Malam, na karanta Where the Crawdads Sing na Delia Owens. Bayanin fadama ya burge ni ƙwarai, na kuma tausaya wa Kya, jarumar littafin, amma da na rufe littafin sai na ji kamar an yi mini wayo. Ni ce ban fahimta ba, ko littafin ne da matsala?

Amsa: Malama, kin fahimta sarai. Wanda bai karanta ba ya dakata a nan, don zan tona ƙarshen.

Littafin da ya fito a 2018 zare biyu aka saƙa shi da su. Na farko ya taso daga 1952, lokacin da uwar Kya ta bar gida, Kya na da shekara shida, har yarinyar ta rage ita kaɗai a fadamar bakin teku ta jihar North Carolina a Amurka. Na biyu ya fara a 1969, da aka tsinci gawar Chase Andrews, tsohon saurayin Kya, a ƙarƙashin hasumiyar hangen gobara, aka kuma tuhume ta da kisansa. Kowane zare da alkawarinsa. Labarin tasowar yaro yana buɗe wa mai karatu zuciyar yaron gaba ɗaya, shi kuwa labarin kisa da ɓoyo yake rayuwa.

Nan gizo ke saƙar. Mai ba da labari ya shigar da ke cikin zuciyar Kya tun tana ƙarama, kin san yunwarta da kunyarta da tsoronta. Amma daren kisan sai ya ja labule, a kotu ma ya hana ki jin abin da take tunani a kansa. Sai bayan ta rasu Tate, masoyinta da suka rayu tare, ya gano sarƙar wuyan Chase da waƙar da ta ɓoye, waɗanda suka nuna ita ce ta yi kisan. Da ta idon Tate ko na ɗan sanda aka ba da labarin, ɓoyon halas ne. Tunda ta cikin ranta aka bi da ke, dole ki ji an zalunce ki.

Sai dai a yi wa marubuciyar adalci, ta ajiye alamu. Ki koma inda Kya ke kallon macen ƙwaron nan mai walƙiya da dare tana yaudarar namiji da haskenta ta cinye shi, da inda ƙoƙi-ƙoƙi ke yin haka. Owens masaniyar dabbobi ce, ta yi shekaru tana bincike a Botswana da Zambiya, shi ya sa waɗannan shafuka suka fi ko'ina rai. Kuma abin da take nufi a fili yake: yarinyar da mutane suka yasar, dokar daji ta koya. A ganina wannan ne ya fi cancantar muhawara, don littafin bai tsaya ya auna nauyin ran da aka ɗauka ba.

Ragowar rauni ƙanana ne. Wadda ta yi kwana ɗaya tak a makaranta ta zama marubuciyar littattafan kimiyya ba tare da mun ga wahalar hanyar sosai ba, kuma lissafin motar dare daga Greenville, garin da ta ce tana can a daren kisan, zuwa da dawowa, ya matse ƙwarai.

Ga gwajin da zai raba miki gardama. Ki ware babukan 1969 da 1970, ki karanta sauran a jere su kaɗai, ki ga ko son da kike yi wa littafin ya ƙaru. Sannan ki bi babukan kotu da fensir, ki ja layi duk inda aka kauce wa tunanin Kya aka koma kan lauyoyi ko ’yan kallo.