Ta yaya ake gane kocin da ya san aikinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shan kashi sau uku a jere ya isa a ce koci bai iya ba, tunda magoya baya sun fara kiran a sallame shi. Bai isa ba. Ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci, bugu ɗaya da ya daki turke kan juya labarin gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne shawarar da ya yanke da abin da ya sani a lokacin da ya yanke ta.

Fara da minti 15 na farko, kuma ka ɗauke idonka daga kan ƙwallon. Kalli tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya idan ƙwallo na hannun abokan hamayya. In ta buɗe har ɗan wasa ya karɓa ya juya ba wanda ya taɓa shi, laifin tsari ne, na koci ke nan. In kuwa kowa na wurinsa sai mai tsaron gida ya saki ƙwallo mai sauƙi, wannan ba daga benci ya fito ba.

Sai canji. Yanzu ana da canji biyar, a tsayawa uku ban da hutun rabin lokaci, don haka kocin da ya ga tsakiyarsa na yoyo ya zauna har minti na 75 ba shi da uzuri. Dubi wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2005 a Istanbul. AC Milan na gaban Liverpool da ci 3, ɗan wasanta Kaka na yawo yadda ya ga dama. Kocin Liverpool Benitez ya sa Hamann a madadin Finnan da ya ji rauni, ya koma 'yan baya uku. Hamann ya toshe wa Kaka hanya, Gerrard ya samu sakewa ya hau gaba, Liverpool ta farke duka ukun cikin minti shida. Benitez ya gano inda ciwon yake, ya sa magani a wurin. A 2021 kuma kocin Manchester City Guardiola ya fara wasan ƙarshe na gasar da Chelsea ba Rodri ba Fernandinho, ya bar Gundogan a gaban 'yan baya. Ta tsakiyar nan Mount na Chelsea ya zura wa Havertz ƙwallon da ta raba gardama. A nan sukar tana da tushe, domin tun da aka fitar da sunaye masu lura suka hango ramin.

Batun dogon zango kuwa, wasa goma ne mafi ƙarancin abin aunawa, kaka guda ta fi. Shin ƙungiyar na ƙirƙirar dama iri ɗaya mako bayan mako, ko sai wani gwani ya yi abin mamaki? Ƙwallayen da ake zura mata daga kwana da bugun tazara suna raguwa? Wannan aikin filin atisaye ne zalla, ba ya ƙarya. 'Yan wasan da ya saya sun dace da salonsa? Arteta ya ƙare na takwas sau biyu a Arsenal, sannan na biyar, kafin ya kai ta ta biyu a 2023, amma tun a shekarun wahalar ana ganin yadda yake son a fito da ƙwallo daga baya. Kocin da ya kamata ka ji tsoronsa shi ne mai sauya tsari duk mako bayan an doke shi, har 'yan wasansa su riƙa waiwayen benci suna tambayar inda za su tsaya.