Amsa ga mai tambayar darajar bindigar gado da kuɗin tara manyan bindigogin farauta

Assalamu alaikum. Alhaji, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Tambayarka kashi biyu ce. Ka ce cikin kayan marigayi a nan Bauchi kun tarar da tsohuwar bindiga mai baki biyu ƙirar Ingila, kana son sanin darajarta. Sannan kana sha'awar fara tara manyan bindigogin farauta irin su Purdey da Beretta a matsayin ajiyar dukiya, kana tambayar nawa za ka tanada.

Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi ya fi gaggawa. Lasisin bindiga ba ya shiga gado. Na mai shi ne, kuma na bindigar da aka rubuta lambarta a jiki ne. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, kwana 14 kacal ta bai wa magaji ya riƙe bindigar mamaci. Bayan nan, in ba a ba shi nasa lasisin ba, wurin zamanta ma'ajiyar makamai ta gwamnati. Saboda haka ka nemo littafin lasisin Baba da rasidan sabuntawa, ka haɗa da takardar shaidar rasuwa, ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka sanar da su a rubuce. Kada ka ɗora bindigar a mota ka nufi ofishin kai tsaye. Ka fara zuwa da takardu, su faɗa maka yadda za a kawo ta. In ka miƙa, ka karɓi rasidi mai ɗauke da sunan maƙerinta da lambarta.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Na farko waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, ciki har da fistol da bindigogin soja, da duk bindigar farauta mai ɗora wa kanta harsashi ko mai na'urar ɗorawa, wato har da fam-akshan da mutane ke ɗauka ba komai ba ce. Na biyu su ne na amfanin kai, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa a sa harsashi da hannu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar yake. Na uku adaka da danginta masu ɗuri ta baki, waɗannan na Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne. Riƙe ta rukunin farko ba izini, ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci. Ta rukuni na biyu tana iya kai mutum shekara biyar. Kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka kafin ka fitar da ko sisi, ka ji daga bakin hedikwata matsayin da ake ciki a ranar. Duk dillalin da ya ce maka "saya kawai, takarda za ta biyo baya", gidan yari yake sayar maka.

Yanzu darajar ta Baba. Ba na son ka ɗora rai, domin rubutun Ingila a jikin bindiga ba shi ne kuɗi ba. Garin Bamingham ya ƙera bindigogi masu baki biyu na yau da kullum ba adadi, kamfanoni irin su BSA da Webley & Scott da Midland Gun Company suka yi ta turo su ƙasashen da Ingila ta mulka. Yawancinsu samfurin da ake kira bokslok ne, wanda Anson da Deeley suka fito da shi a 1875, kayan aikinsa duka a cikin akwatin ƙarfen tsakiya. Bindigogi ne masu ƙarko, amma a gwanjon Ingila yau irin wadda ba ta tofar da kwanso da kanta tana iya tafiya a ƙasa da fam 200. Masu tsadar su ne sayidlok na Landan, masu faranti biyu a gefe da zanen hannu, daga Purdey ko Holland & Holland ko Boss. Akwai kuma tarko: maƙeran garin Liyej na Beljiyam sun daɗe suna buga sunaye masu kama da na Ingila, misali "W. Richards" don mai saye ya zaci Westley Richards ce.

Gaskiyar bindiga tana ƙarƙashin bututunta. Bayan ka karya ta ka tabbatar da idonka babu harsashi a baki biyun, ka cire katakon gaba, ka zare bututun, ka juya shi. A shimfiɗaɗɗen wurin da ke zama kan akwatin ƙarfe za ka ga hatiman gidan gwaji, wato inda ake gwada ƙarfin bututu. Kambi a kan BNP ko BP na Bamingham ne. Kambi a kan GP na Landan ne. ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Beljiyam ne, ko me aka rubuta a sama. A nan kuma za ka ga tsawon ɗakin harsashi, kuma wannan batun rai ne, ba na kuɗi kawai ba. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa ɗakinsu inci biyu da rabi ne, milimita 65, alhali harsashin lamba 12 da ya fi yawa a yau milimita 70 ne, wani ma 76. Dogon harsashi zai shige ɗakin lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake, amma lokacin harbi ba shi da filin buɗewa, sai matsi ya hau fiye da abin da aka gwada bututun a kai. Idan kuma ka ga jikin bututun da zane kamar igiyar ruwa ko murɗaɗɗiyar igiya, wannan damaskas ne, ƙarfe ne da aka naɗe aka haɗa, galibi don baƙin albarushi aka yi shi. Irin wannan kallo ake yi, ba a harbawa, sai in gidan gwaji ya sake tabbatar da shi.

Daga nan sai lafiyarta. Rataye bututun a yatsa ta ƙugiyar ƙasa ka ƙwanƙwasa shi da farce. In ya yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗin da ke tsakanin bututun biyu lafiya yake. In ya yi dum kamar fasasshiyar tukunya, dalmar haɗin ta saki, kuma tsatsa na cin ƙarfe a ciki inda ido ba ya kaiwa. Ɗaga shi sama ka leƙa ta haske, ka nemi ramukan tsatsa, lotsawa ko kumburi. Mayar da bututun ba tare da katakon gaba ba, ka riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji motsi, bindigar ta saki fuska, wato fil ɗin da take juyawa a kai ya cinye. Sai ka duba kan ƙota inda katako ya haɗu da ƙarfe. Baƙi da laushi a wurin alamar mai ne ya jiƙa icen shekara da shekaru, kuma nan ne yake tsagewa. Abin da ba za ka iya aunawa a gida ba shi ne kaurin bangon bututu. Masu sana'ar ba sa son ya yi ƙasa da kusan rabin milimita a wurin da ya fi sirantaka, kuma in an yi ta goge ciki don kawar da tsatsa har rami ya faɗaɗa ya wuce ƙa'ida, hatimin gwajin ya faɗi, darajar ta faɗi tare da shi.

Ina roƙonka kada ka kai ta a "sabunta" ta. Sanfefa, fenti, banish ɗin kafinta, walda, kowanne yana kashe kuɗin tsohuwar bindiga nan take, domin mai tarawa asalin launin ƙarfe da kaifin zane yake saye. Gyaran bindiga ma a dokar ƙasar nan sai mai izini, kuma an hana rage tsawon bututu ya gaza inci 20.

To, batun tarawa. Bari in yi lissafi da fam ɗaya a naira 2,000 don sauƙi, kai ka gyara da canjin ranar da kake karantawa. Matakin shiga na bindigogi masu suna shi ne irin Beretta 686 Silver Pigeon ta Italiya ko Browning B525 da kamfanin Miroku ke ƙerawa a Japan. Sabuwa tana wajen fam 2,000, kusan naira miliyan huɗu tun tana kanti a can. Na 'yan gasar harbi, Perazzi MX8 da Krieghoff K-80 ta Jamus, sun haura fam 10,000, miliyan ashirin ke nan zuwa sama. Sabuwar Purdey ko Holland & Holland ta wuce fam 100,000, wato sama da naira miliyan 200, kuma ba a shiga a ɗauka. Ana auna tsawon hannunka da faɗin kafaɗarka, ka zaɓi guntun icen walnat da kanka, ka ba da kafin alƙalami, ka jira shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuɗin na aikin hannu ne, ɗaruruwan sa'o'i na maƙerin bututu da mai haɗa makulli da mai sassaƙa ƙota da mai zane. Purdey tun 1814 suke wannan aiki, Holland & Holland tun 1835, kuma Beretta ce ta sayi Holland & Holland a 2021.

Labaran da ke ruɗin mutane su ne na gwanjo. An sayar da wata Colt Walker dala miliyan 1.84 a Amurka a 2018. Colt ɗin da Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'addar Amurka Billy the Kid da ita ta haura dala miliyan shida a 2021. Fistol biyu na Napoleon sun tashi yuro miliyan 1.69 a Faransa a 2024. Duk waɗannan tarihi aka saya, tare da takardun da suka tabbatar da hannuwan da bindigar ta bi. Kuma dukansu fistol ne, rukunin da kai da ni ba mu da hanyar mallaka.

Ga yadda kuɗi ke zurarewa a gwanjo. A ce an buga maka tsohuwar sayidlok a fam 8,000. La'adar gidan gwanjo kan mai saye tana kai kashi 25 cikin ɗari, fam 2,000 ke nan, ga harajin kashi 20 a kan la'adar, fam 400. Ka biya 10,400 bindiga ba ta motsa daga ɗakin ba. Sai izinin fitarwa daga Birtaniya, dillali mai lasisi da zai tura, inshora, izinin shigowa daga wajen 'yan sandanmu, takardar shaidar mai amfani ta ƙarshe daga ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, sai kwastam. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ita ma ta ƙara ƙuntata shigo da su yankin baki ɗaya. Ranar da za ka sayar, gidan gwanjo zai sake yankar nasa daga gefenka. Ka ga sai farashi ya hau da fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin ka mai da uwar kuɗi. Ga shi kuwa kasuwar tsofaffin masu baki biyu a jere ta yi sanyi a Ingila, matasansu sun koma masu baki sama da ƙasa, kuma a 2025 gwamnatinsu ta sanar da shirin hana harsashin dalma, alhali tsofaffin bututu da yawa ba sa jure na ƙarfe.

A nan gida matsalar ta fi haka. Ba za ka sayar wa kowa ba sai mai lasisi ko dillali mai rajista. Mutum nawa ne daga Bauchi zuwa Gombe ke da lasisi a hannu da kuma miliyan ashirin ta bindiga? Dukiyar da ba ta da mai saye ranar buƙata ba ajiya ba ce. A ganina, in don riba ne, fili ko shanu ko zinare sun fi ta nesa ba kusa ba. In kuma ka saya da niyyar kasuwanci, ka tuntuɓi malamai kan zakkarta. Wurin harbawar ma ƙalilan ne, domin gandayen dajin Yankari da Sumu da Lame-Burra duk an hana farauta a cikinsu.

Wanda ya samu lasisi kuma, yanayinmu zai ci masa kuɗi kowace shekara. Walnat na son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55. A hunturu namu yana faɗuwa ƙasa da 20, ice ya tsuke, ƙota ta yi sako-sako ko ta tsage. A watan Agusta kuma laima ta cika ɗaki, shatin yatsa ɗaya a kan bututu ya zama tsatsa cikin 'yan kwanaki. Ana buƙatar akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, da ƙunshin silika mai tsotse laima da za a riƙa busarwa a damina a cire a hunturu. Harsashi a kulle a wani wuri dabam. Kada a bar bindiga cikin jakar fata ko a naɗe da bargo, suna riƙe laima. Man bindiga kaɗan a tsumma ya isa, ban da baƙin mai da man gyaɗa, sannan a jingine ta baki ƙasa don man kada ya gangara cikin ƙota. Icen kuwa ɗigo biyu na man linsid a murza da tafin hannu.

Ka ce akwai adaka ma a ɗakin. Irin ta 'yan bindigar fada da ake bugawa a hawan Sallah, in an san maƙerinta da wanda ya riƙe ta, tana da tarihin da ya fi kusa da mu, sai a rubuta shi tun dattawan gidan na raye. Ita ma tana son lasisin Kwamishina. Amma ka ɗauka a ɗure take, domin albarushi na iya shekaru a ciki bai mutu ba. Kada kowa ya taɓa kunamarta ko ya kai ta kusa da wuta. A juya bakinta inda babu mutum, a zura sandar ɗuri a hankali a yi alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ba ta kai daidai ramin wuta ba, akwai ɗuri, sai a bar wa Sarkin Baka ko masu kula da makamai na 'yan sanda su sauke.

Tunda bindigar cikin gado take, kada ka yanke mata kuɗi kai kaɗai, sauran magada su shaida. In lambarta ta nuna ta gidan Purdey ce ko Holland & Holland, suna da littattafan da suka rubuta ranar ƙera kowace bindiga da wanda aka yi wa, suna ba da bayanin in an biya. Ka ɗauki hoton hatiman ƙarƙashin bututu da rubutun da ke samansa ka turo mu karanta maka, amma ka rufe lambar, kuma kada ka faɗi unguwarku a zauren nan.