Tambayi Anti: Na zo Italiya koyon yare amma bakina ya ƙi buɗewa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki ya mutanen Sakkwato. Ni ɗaliba ce aji uku a jami'a nan gida, gidanmu na Arkilla, Allah ya ban sa'a anka zaɓe ni in yi zango guda a Perugia ƙasar Italiya in koyi yarensu. Yau kwanana biyar da sauka kuma wallahi ban san ta inda zan fara ba, a aji malama ba ta yin turanci tun shigarta har fitarta sai nuni da hannu ni ko in yi ta kallonta, 'yan ɗakinmu biyu 'yan Amurka ne to da su nake hira in mun taso ba ni zuwa ko'ina. Abinci kuma burodi da shayi kawai nake ci don tsoron alade, Inna ta ce za ta ba wani mai zuwa kilishi ya kawo min. Ga wata takardar zama da ake ta cewa in yi. Don Allah a ban shawara, har na fara tunanin komawa gida.

Ɗiyarki daga Arkilla

Amsa:

Wa alaikumussalam ɗiyata, sannu da hanya, Allah ya sa an je a sa'a. Maganar komawa gida ki aje ta gefe tukuna, mu fara da takardar nan don ita ce ba ta jira.

Sunanta permesso di soggiorno, kuma doka ta ce wanda ya shiga da bizar dogon zama ya nema cikin kwana 8 na aiki daga ranar da ya sauka, ke ga shi kin ci biyar, to gobe da sassafe ki tafi gidan waya ki ce a ba ki ambulan ɗin fom na permesso. Za ki haɗa da hoton fasfo ɗinki har shafin biza, takardar makaranta, shaidar inshorar lafiya, da wani ɗan kan sarki na yuro 16 da ake ce ma marca da bollo, shi a shagon da kika ga an rataya babban harafin T ake sai da shi. In kin miƙa za su ba ki rasit da ranar da za ki je ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunki. Rasit ɗin nan ki riƙe shi da kyau ki ɗauki hotonsa a waya, shi ne shaidarki kafin katin ya fito kuma katin yakan ja lokaci. Ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku sun saba da cika fom ɗin, ki kai musu su duba kafin ki miƙa. Ki tambaye su codice fiscale ma, lambar da ake nema wajen sayen layin waya da kama ɗaki.

Kilishi kuma ki ce ma Inna ta bari, Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi a filin jirgi, ƙila har da tara. Tsoron da kike yi yana da dalili, yankin Umbria inda kike ya yi suna wajen naman alade, amma ai ba za ki yi wata huɗu kan shayi ba. Ki haddace kalmomin nan ki riƙa duba bayan leda: maiale, suino, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, sai strutto wato kitsen alade wanda shi ya fi ɓoyewa don har cikin wasu burodi da biskit ake sa shi. A gidan abinci ki ce senza maiale per favore, wato ban da alade don Allah, ba mai jin haushi. Taliya da miyar tumatir, pizza margherita, kifi, ƙwai, wake duk kina iya ci, ki dai tambaya ko an sa giya a girkin. Akwai mahautan halal, yawanci wajen tashar jirgin ƙasa ake samunsu, nan ne ma za ki ji inda ake sallar Juma'a. In kewar tuwo ta dame ki ki sayi garin polenta, masara ce tsagwaronta, ki tuƙa abinki.

To yanzu abin da ya kai ki. Malamar ku da gangan take ƙin turanci, haka ake koyar da baƙi a garin nan tun shekarun 1920 don aji guda za ki ga ɗan Sin da Balarabe da Bajamushe, ba wani yare da ya haɗa su in ba Italiyancin ba. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne zaman ɗaki da hirar turanci, don in kika ci gaba a haka zangon zai ƙare ki dawo Sakkwato da hotuna da gaisuwa biyu. Ban ce ki guji 'yan ɗakinku ba, ki ja su ku fita tare ma, amma kullum ki tabbata kin yi wata hulɗa da ɗan gari da bakinki. Ki zaɓi shago guda na shan kofi kusa da ku, da Italiyanci "bar" suke ce masa kada sunan ya firgita ki, kofi da kek aka fi saye da safe, ki riƙa shiga kina cewa buongiorno ki yi odarki ki biya ki ce grazie, sati biyu mai shagon zai gane ki ya fara jan ki da hira yana gyara miki. Ciao na sa'o'inki ne, babba ko malami buongiorno ko buonasera, kamar dai yadda ba ki gaida Baba da gaisuwar ƙawa.

Kuma ke Bahaushiya kin fi 'yan Amurkan nan sa'a ba ki sani ba. Yaren yadda aka rubuta haka ake karantawa in kin kama 'yan ƙa'idoji, r ɗinsu mai kaɗa harshe muna da ita, nanata baƙi da ke wahalar da Turawan Ingila mu tun muna yara muke raba baba da babba, sannan raba suna namiji da mace ba baƙon abu ba ne a kunnenki. Inda za ki sha aiki shi ne p da f da v, sai sarrafa aikatau, waɗannan ki zauna ki yi ta maimaitawa da ƙarfi ko da a kicin ne. Wayarki ki mai da ta Italiyanci, ki sayi ɗan littafi na aljihu duk kalmar da kika ji a bas ko kasuwa ki rubuta ki kai aji.

Wasu ƙananan abubuwa da ke kunyata baƙo: a babban kanti ba a taɓa kayan marmari da hannu tsirara, akwai safar leda a gefe, sau da yawa ke za ki auna ki manna farashin. Tikitin bas in na takarda ne sai kin tura shi cikin inji ya buga, in ba haka ba tara ce. Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa wajen ɗaya na rana sai huɗu.

Sanyi ɗiyata kada ki gwada shi da hunturunmu, Perugia bisa tudu take ga iska, ki sayi rigar sanyi mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga tun yanzu. A Disamba kafin biyar na yamma magariba ta yi, sai ki tsara azahar da la'asar da lokacin aji. Daga ƙarshen Oktoba agogonku da namu ɗaya ne, ki ware lokaci guda da dare ki kira Inna, sauran yinin ki bar shi ma Italiya. In kin samu hutun ƙarshen mako ki hau jirgin ƙasa zuwa Rum ki ga babban masallacinsu da aka buɗe a 1995. Ki sake rubuto min bayan kin je gidan wayar in ji ranar da suka ba ki.